Taku Goma Sha Biyu a Soron Malam Mika'ilu

Duk wanda ya yi zaman Ƙofar Gayan a Zariya daga shekarar 1982 zuwa tsakiyar shekarun casa'in, in dai ya taɓa sayen tocila, to ya san soron Malam Mika'ilu. Ba shago ba ne, ba kuma wata alama aka kafa a ƙofa ba. Soro ne na biyu a gidan gado, irin ginin ƙasar nan mai kaurin bango, babu taga ko ɗaya, wanda ko da rana tsaka in aka turo ƙyaure sai ka nemi tafin hannunka ka rasa. Mutanen gidan sun daɗe suna jin haushin duhunsa. Malam Mika'ilu ne kaɗai ya dube shi ya ga abin yi.

Shi dai tsohon ma'aikacin reluwe ne. Shekara ashirin da shida ya yi yana kula da fitilun tashar jirgin ƙasa a Sabon Gari, ya goge gilashi, ya datse lagwani, ya zuba kananzir, ya tabbatar direban da ke tahowa daga nesa ya ga ja a matsayin ja. Da ya yi ritaya sai ya dawo gida da akwatin ƙarfe ɗaya, da wata tocila mai batir uku da yake kira Ta Reluwe, da kuma wani hali da ya zame masa jiki: ba ya iya ganin fitila ya ƙyale ta. Ko gaisuwar mutuwa ya je, in ya hango aci-bal-bal tana hayaƙi, sai hannunsa ya fara motsi a aljihu. Gajere ne, siriri, mai ɗan gemu a haɓa, kuma Allah bai ba shi bakin lallashi ba.

A zauren farko ya ajiye teburinsa na gyara. Gwangwanayen madara ne jere, wannan na ƙwan tocila, wannan na sifirin da ke danne batir, wannan na makunni, wancan na gilasan da ya ciro daga tocilolin da suka riga mu gidan gaskiya. Da gyaran nan yake samun na cefane. Amma ba gyara ne ya fitar da sunansa ba, gwaji ne, kuma gwajin kyauta yake yi.

Ga yadda abin yake. Mutum zai je kasuwa ya ga tocila ta yi masa, sai ya ce wa mai kaya, "Bari in kai wa Malam Mika'ilu tukuna." Mai kaya ba ya hanawa, don hanawar ma amsa ce. In an kawo, Malam zai karɓa da hannu biyu, ya fara auna nauyinta a tafi. Ya kara ta a kunne ya girgiza, in ya ji wani abu yana kaɗawa sai ya ɗan yi tsaki. Ya kwance gindin ya shinshina, don ya ce tocilar da batir ya taɓa yi wa fitsari a ciki ba ta ƙara zama mutum. Ya danna sifirin da babban yatsa. Ya kunna ya kashe, ya kunna ya kashe, har sau ashirin, yana sauraron makunnin. Sai bayan duk wannan zai zuba mata sababbin batura, ya tuɓe takalmi, ya ce, "Bismillah, mu shiga ciki."

A daɓen soron ya kafa murfin kwalbar lemo guda goma sha biyu, a jere, taku ɗaya tsakanin kowane biyu, daga bangon ƙurya har bakin ƙyaure. A bangon kuma akwai ƙusa, inda yake soke ɗan yankin jarida. Kullum da safe sai ya canza takardar, kuma ba ya kallonta in zai soke, wai kada ya haddace ya cuci kansa. In an rufe ƙyaure, zai tsaya dab da bango ya haska takardar ya fara karantawa da ƙarfi, yana ja da baya, tafin ƙafarsa yana lalubo murfi bayan murfi. Inda haruffa suka cakuɗe masa, nan zai tsaya. Sai ka ji muryarsa a cikin duhu: "Taku bakwai ce."

Shi ke nan, hukunci ya fita, babu ɗaukaka ƙara.

Amma ba lamba kaɗai yake bayarwa ba. Sai ya tambaye ka me za ka yi da ita. Taku huɗu zuwa biyar, wannan ta zagayawa ce da neman takalmi a ƙofar masallaci da asuba. Inna Uwa ungozoma ta taɓa zuwa da wata ƙatuwa mai batir huɗu da surukinta ya saya mata, ya gwada ta kai tara, amma ya ce ta mayar. "Inna, ke ba farauta za ki ba. Hannu biyu kike bukata. Nemi ƙarama mai taku shida wadda za ki iya maƙalewa a hammata, mai makunnin da ba ya kashe kansa." Maharban bayan dutsen Kufena kuwa yakan ce musu su bar duban ƙyalli, su dubi ko hasken yana tafiya a dunƙule ko yana watsewa a hanya. Masu gadi yana zaɓa musu mai jikin ƙarfe, don ya san rabin aikinta duka ne da faɗuwa. Ga mai ƙaramin ƙarfi kuma yakan faɗi gaskiya: gara mai araha da ake samun ƙwanta a kowace tireda, da mai tsada wadda in ƙwanta ya mutu sai an yi aike Kano.

An yi wani Alhaji a Gyallesu da ya dawo daga aikin hajji da tocila mai ban mamaki. Ga rediyo a jiki, ga wata jar fitila mai ƙifce-ƙifce a gindi, ga igiyar ratayawa. Ya zo da ita cikin mota, da 'yan rakiya. Malam Mika'ilu ya shiga soro da ita, bai daɗe ba ya fito ya miƙa masa.

"Yaya, Malam?"

"Alhaji, rediyon yana kamawa sosai."

Wannan magana ta yi shekara tana yawo a cikin birni. Har yau akwai tsofaffin da in aka nuna musu abu mai kwalliya marar amfani, sai su ce rediyon yana kamawa.

Ta Reluwe taku goma take yi, kuma a duk shekarun nan ba a sami wadda ta wuce ta ba. An sha tambayarsa amfanin murfi na sha ɗaya da na sha biyu, tunda ba mai kaiwa can. Yakan ce ya bar su ne don kada tocila ta ɗauka ta gama.

Matarsa Sailuba ita ce kaɗai ba ta jin tsoron bakinsa. Ɗinkin hula take yi, kuma tana cikin matan unguwar da suka shiga ajin yaƙi da jahilci da girmansu, har ta iya karanta boko tiryan-tiryan. Ta sha yi masa tsiya cewa ya ƙwace mata wurin ajiye itace ya mai da shi kotu. Shi kuma sai ya ce itace bai san darajar duhu ba. Haka suka yi ta zama, shekara talatin da ɗoriya, ana tsiya ana dariya, ita ke yanka masa jaridar da yake sokewa.

Zamani ne mai daɗi, wallahi, ko da yake masu cikinsa ba su sani ba. Lungunan birni ba fitilar kan hanya, in an ɗauke wuta sai ka ga ɗigon haske yana tafe yana rawa, ka gane mai shi tun kafin ya yi sallama. Tocila tana cikin kayan lefe, tana cikin tsarabar mai dawowa daga tafiya. In ta lalace ba a jefarwa, gyarawa ake yi, har ta ga jikoki. Mutum da tocilarsa sukan tsufa tare.

Wajen shekarar 1991 Malam Mika'ilu ya fara lura cewa tociloli suna lalacewa. Irin da a da take yin bakwai ta koma biyar. Mai biyar ta koma uku. Abin da ya fi ɓata masa rai, ita kanta Ta Reluwe ta sauko takwas, daga baya shida. Ya wanke gilashinta, ya goge madubin kanta da auduga, ya canza ƙwai, ba ta motsa ba. Sai ya gano mai laifi: batura. Baturan zamani, in ji shi, gawayi ne da ruwa aka naɗe a takarda. Da aka kawo masa wasu irin daban abin bai canza ba, sai laifin ya koma kan masu yin ƙwai. Su ma masu buga jarida ba su tsira ba, ya ce don rowar takarda sun ƙanƙance haruffa, tawadar ma sun tsinka ta.

Kuma jama'a suka yarda, don a shekarun nan kowa yana da abin da ya lalace masa. Sabulu ya ƙanƙance, burodi ya zama iska, atamfa wanki biyu ta koɗe. In aka ce tocila ma ta bi sahu, wa zai yi musu? A majalisa in Malam ya fara, "Kayan da ai su ne kaya," sai kawuna su yi ta gyaɗawa. Babu abin da ya kai zagin zamani daɗi a bakin wanda ya fara furfura.

Ana cikin haka sai ga Mamman. Mamman ɗan marigayi Ja'afaru ne, aminin Malam Mika'ilu tun a reluwe, wanda suka ci a kwano ɗaya shekara da shekaru. Ranar da Ja'afaru zai cika, hannun Malam ya riƙe ya ce ga yara nan. A lokacin da muke magana Mamman ya kusa arba'in, yana da mata da 'ya'ya biyar, yana da tireda a Ƙofar Doka inda yake sayar da ashana da lagwani da batir da sabulu. Mutum ne mai sanyi, ba ya ɗaga murya, kuma bai taɓa kiran Malam da wani suna ba sai Baba. Abin alfaharinsa guda a duniya shi ne wani jan babur da yake wankewa kullum da safe kamar jariri.

Da daminar 1994 Mamman ya sayar da babur ɗin nan, ya shiga mota zuwa Kano, ya dawo da kwalaye shida na wata sabuwar tocila da ba a taɓa gani a unguwar ba. Baƙa ce, jikin roba mai kauri, kanta faffaɗa, kuma ba ta cin batir. A bango ake soka ta ta sha wuta, in ta ƙoshi ta yi kwanaki tana aiki. Lissafinsa mai kyau ne: mutane sun gaji da sayen batir, duk wanda ya ga wannan zai so ta. Abu ɗaya ya rage, a kai wa Baba.

Ya zo da hantsi, mutum biyar na biye da shi, don labari ya riga shi isowa. Malam ya karɓa ya auna, ya girgiza a kunne, shiru. Ya kunna ya kashe sau ashirin, makunnin yana amsawa ƙas-ƙas. Har ya ɗan gyaɗa kai. Aka tuɓe takalma aka shiga soro aka turo ƙyaure.

Haske ya faɗa kan bango. Malam ya fara karantawa, ya ja taku ɗaya, biyu, uku. A na huɗu ya fara in-ina. Ya matso, ya koma, ya murza ido da bayan hannu. Hasken ya yi masa yawa a fuska amma haruffan sun narke, kamar an zuba wa takardar koko.

"Taku huɗu ce," ya ce. "Hayaniya ce kawai, haske ya watse bai kama komai ba. Ta zagayawa ce, Mamman. An cuce ka."

Wani ya yi gyaran murya. Da aka buɗe ƙyaure Mamman yana tsaye kansa a ƙasa, ya sa hannu biyu ya karɓi tocilarsa.

"To, Baba. Na gode. Allah ya ƙara girma."

Kafin la'asar magana ta kai unguwar Babban Dodo. Kwalaye shida suka zauna a bayan tireda, damina ta wuce a kansu, kaka ta zo ta same su. Aka fara ganin Mamman yana tahowa Ƙofar Doka a ƙasa da sassafe, yana komawa a ƙasa da yamma. Kayan tiredar suka fara raguwa, gurbin sabulu ya zama fili. Malam Mika'ilu ya ji tausayinsa ƙwarai, har yakan aika Sailuba da ɗan hatsi gidan. Amma a can ƙasan ransa akwai wani abu mai kama da alfahari. Ɗan amininsa ne, ɗan amana, kuma bai ƙara masa ko taku ɗaya ba. Ya sha faɗin haka a majalisa, yana shafa gemu.

Wanda ya ɓata wannan alfahari shi ne Malam Walter na Wusasa, tsohon hedimasta, dogo mai tabarau, wanda yake zuwa a kan keke duk wata don a duba masa fitilar keken, ko da kuwa lafiyarta ƙalau. Gaskiyar magana gardama ce take kawo shi. Sun saba tun suna samari, kuma a duk Zariya shi kaɗai ne yake kiran Malam da Mika, ya kwana lafiya.

Ran nan ya jingine keke ya zaro baƙar tocila daga jaka ya ajiye a tebur.

"Mika, wannan ce ka ce ta zagayawa ce?"

"Ita ce. Kai ma an kama ka?"

"Na biya ta Ƙofar Doka na ga yaron nan zaune kamar an yi masa mutuwa, na ce bari in saya ko don zumunci. To tun da uwata ta haife ni ban riƙe fitila irin wannan ba. Daga bakin ƙofata nake ƙirga jemagu a kan mangwaron maƙwabta."

"Jemagu ba haruffa ba ne, Hedimasta."

"To mu shiga kotun taka."

Suka shiga. Malam ya fara, ya tsaya a huɗu kamar wancan karon, har da ɗan murmushin wanda gaskiyarsa ta fito. Walter ya karɓa. Ya fara karantawa yana ja da baya, safarsa tana gogar murafan. Biyar, bakwai, tara. Ya wuce goma, inda Ta Reluwe take tsayawa a zamanin ƙuruciyarta. Bai daina ba sai da bayansa ya bugi ƙyaure.

"Kai da ido huɗu," in ji Malam, muryarsa ta ɗan canza. "Gwajin ba na masu tabarau ba ne."

Walter ya kashe tocilar. A cikin duhun ya yi magana a hankali, ba irin muryar gardama ba. "Mika, yaushe rabon da likita ya duba idonka?"

Malam ya fusata. Ya ce shekara ashirin da shida jiragen ƙasa suna shiga Zariya da idonsa, ba a taɓa yin karo ba. Ya ce wasu maganganun da bai kamata a faɗa wa aboki ba. Walter ya sa takalmi ya hau kekensa. Amma tocilar ya bar ta a kan tebur, kuma ba mantuwa ya yi ba.

Har aka yi azahar Malam bai taɓa aikin kowa ba. Da ya dawo masallaci ya leƙa cikin gida ya kira Sailuba. Ta fito da hula da allura a hannu. Da ta ga abin da ke hannunsa da inda ya nufa, sai ta tsaya.

"Malam, ina da tuwo a wuta."

"Ba ki ɗora ba tukuna. Zo ki karanta mini."

"Ni me na sani a tocila?"

"Sailuba, don girman Allah."

Bai taɓa roƙonta da wannan murya ba. Ta ajiye hular ta shiga. Ya cire takardar safe ya soke sabuwa, ya turo ƙyaure, ya ba ta tocilar Mamman. Sanarwa ce ta isowar takin zamani, da ranakun da kowace gunduma za ta je karɓa. Ta karanta tana ja da baya, ba ta yi tuntuɓe a kalma ɗaya ba har ta jingina da ƙyaure. Ya miƙa mata Ta Reluwe, ya juya takardar. Ta karanta har murfi na goma, nan ta tsaya. Goma cif, kamar ranar da ya kawo tocilar gida. Baturan zamani ba su yi laifin komai ba.

Ya ji tana jan hanci a cikin duhu.

"Tun yaushe kika sani?"

"Damina uku ke nan. Tun ranar da 'yar'uwarka Yaya Hauwa ta zo, ka wuce ta a ƙofar gida ba ka gane ta ba."

Sai abubuwa suka fara dawo masa. Turmin da ya daina cin karo da shi a tsakar gida, ashe ɗauke shi ake yi. Butar da kullum take wuri ɗaya. Gwangwanayen da ya tarar an jera masa daga babba zuwa ƙarami, ya ɗauka tsabta ce kawai irin ta mata.

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Na yi niyya ya fi sau ɗari. In na buɗe baki sai in ji ka a nan kana cewa taku kaza ce, da muryar nan taka. Tun da ka bar reluwe, soron nan ne ya rage maka. Na kasa."

Ya zauna a daɓe. Abin mamaki, ba tsoron makanta ne ya fara kama shi ba, kunya ce, irin wadda take sa mutum ya ji zazzaɓi. Ya tuna tocilolin da ya kashe wa kasuwa a shekara uku, da masu kayan da ya kira macuta. Ya tuna yadda yake shafa gemu a majalisa. Sannan ya tuna Mamman yana tafe a ƙasa, da hannun Ja'afaru a cikin nasa.

Washegari bayan la'asar ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya ɗauki baƙar tocilar, ya taka har Ƙofar Doka. Akwai majalisa a gindin darbejiyar da ke gefen tiredar, mutum wajen goma sha biyar. Aka matsa masa wuri a benci, ya ƙi zama.

"Jama'a, na zo in janye magana," ya ce. "Tocilar nan da na ce taku huɗu ce, ƙarya na yi, ko da yake ban san ƙarya nake yi ba. Ta kai ƙarshen sorona. Ba a taɓa kawo mini kamarta ba. Idona ne ya mutu, ba kayan Mamman ba. Duk wanda na kushe wa kaya a shekara ukun nan, a gaya masa ya yafe mini."

Ya juya wajen tiredar. Inuwar mutum kawai yake gani a ciki. "Mamman, na cuce ka. Ubanka ya ba ni amanarka, na karya maka jari da bakina."

Mamman ya fito ya durƙusa a gabansa.

"Baba, ka daina faɗin haka a gaban mutane. Ai na sani."

"Ka san me?"

"Ranar da na dawo daga Kano na gwada ta a gida bayan magariba, har ƙolin rimin bayanmu ta kai. Kuma a soron ina bayanka, daga bakin ƙofa ina karanta takardar a zuci."

"Kana gani, ka yi shiru? Wata biyar?"

"To Baba, me zan ce? In na ce tocilar ta yi, ai na ce idonka bai yi ba, kuma ga mutane tsaye."

"Ka sayar da babur ɗinka, Mamman!"

"Babur ne, Baba."

A cikin mutum biyar ɗin da suka shiga soron ran nan, uku suna zaune a bencin. Babu wanda ya ɗaga kai. Su ma sun gani, su ma sun yi shiru, kuma kunya ta hana su saya, don kada a gan su da ita a unguwa a ce sun ƙaryata Malam. Tsoho ya tsaya a tsakiyar mutanen da suka girmama shi har suka bar shi cikin duhu, ya rasa ko godiya zai yi ko faɗa. Hawaye ne suka yanke masa shawara.

Janye maganar ta zo a makare. Irin wannan tocila in ta daɗe ba ta sha wuta ba, abin da ke riƙe mata caji mutuwa yake yi. Da aka buɗe kwalayen, fiye da rabi ba su ƙara kamawa ba. Sauran suka ƙare a kwana huɗu. Mamman bai sake mallakar babur ba, tsohon keke ya samu daga baya, kuma bai taɓa tayar da zancen ba.

Walter ne ya dawo, kamar ba a yi komai ba, ya ɗauki Malam zuwa asibitin ido a Kaduna. Likita ya ce yanar ido ce ta rufe idanun biyu. Aka yi aiki, na hagu ya dawo, na dama ya ƙi. Daga nan tsarin soron ya canza. Malam yana nan yana girgizawa a kunne, yana shinshina gindi, yana ba da shawara, amma in an shiga ciki, mai saye yake miƙa wa tocilar. Wanda bai iya karatu ba sai a soke masa hoto. "Da idonka za ka yi amfani da ita," yakan ce, "ba da nawa ba."

Sau ɗaya kawai ya sake yin gwajin da kansa. Ranar da aka cire masa bandeji ne, da hantsi, Mamman ya zo duba shi yana zaune a zauren farko. Malam ya tashi bai ce wa kowa komai ba, ya ɗauki baƙar tocilar da Walter ya bari, ya tuɓe takalmi, ya shiga ya turo ƙyaure. Mamman yana jin muryarsa tana karatu, tana matsowa kaɗan-kaɗan, har ƙyauren ya motsa da nauyin bayansa.

"Mamman."

"Na'am, Baba."

"Taku goma sha biyu ce."

Mamman ya share fuska da hannun riga. "Na ji, Baba," ya ce. "Fito ka sha kunu kafin ya huce."